Mu haɗa wa kajinmu abinci a gida

Ƴan uwa maza da mata na Madawa, Buza da Keita, kaza dukiya ce. Idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake kamawa a kai kasuwa. Amma da yawa cikinmu dussa kaɗai muke watsa mata. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 50 a shekara. Idan tana jin yunwa, ko wannan ba ta kaiwa.

Da damina kaza tana samun ƙwari, tsutsa da ɗanyen haki. Da rani ƙasar Adar ta bushe, duwatsu sun yi zafi, babu abin tono. A lokacin nan ne take bukatar taimakonmu.

Mine ne kaza take bukata?

Abu huɗu ne:

1. Abincin ƙarfi: hatsi, dawa, masara, dussa.
2. Abincin gina jiki da ƙwai: tunkuzar gujiya, wake, fara, gara, kan busasshen kifi.
3. Abincin ƙashi da ɓawon ƙwai: ƙonannen ƙashi, ɓawon ƙwai, ɗan gishiri.
4. Abincin kare lafiya: ganyen zogala. Akwai shi a garakan kwarin Majiya da na Tarka.

Dussa tana cikin kashi na farko. Ita kaɗai ba ta isa ba.

Yadda za a haɗa

A sami gwangwani guda, a auna komai da shi:

- ɓarzajjen hatsi ko dawa: gwangwani 5
- dussa: gwangwani 2
- tunkuza ko soyayyen wake dakakke: gwangwani 2
- dakakkar fara ko garin kifi: gwangwani 1
- garin ƙonannen ƙashi da ɓawon ƙwai: rabin gwangwani
- garin zogala da aka shanya a inuwa: cikin tafin hannu 1
- gishiri: abin da yatsu uku suka ɗauka

A gauraya sosai cikin ƙwarya. Kada a haɗa fiye da na sati biyu. A ajiye shi inda babu laima, a rufe saboda ɓera.

Kazar da take fita kiwo, ƙaramin gwangwanin tumatir guda ya ishe ta a yini: rabi da safe, rabi da marece. Ƴan tsaki kuwa, a daka nasu ya yi laushi, a ba su cikin akurki, don manya kada su cinye.

Idan rumbu ya yi ƙasa fa?

Wani zai ce: iyalina ba su ƙoshi ba, yaya zan ba kaza hatsi? Gaskiya ne, mutum ke gaba. To, a rage hatsi, a ƙara dussa da ragowar tuwon da aka shanya. Amma kada a bar kashi na biyu. Gara ba a sayenta. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara take. Da safe a zazzage wa ƴan tsaki.

Abin da za a kiyaye

- Kada a ba kaji farar da feshin magani ya kashe. Guba ce.
- Tunkuza ko hatsin da ya yi fumfuna, a zubar. Yana lalata hantar kaza.
- Ɗanyen wake yana hana narkewar abinci. A soya shi tukuna.
- Ƙuli-ƙuli yana da gishiri. Idan an sa shi, kada a ƙara wani gishiri.
- Ɓawon ƙwai a gasa shi, a daka. In ba haka ba, kaza za ta koyi fasa ƙwanta.

Kada a manta da ruwa. Kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. A ajiye ruwa mai tsabta a inuwa, a wanke kasko kullum.

Abinci ba ya hana ciwon da ke share kajin gari lokacin ɗari. Kafin iskar ɗari ta taso, a nemi ma'aikacin kiwo ya yi musu allurar rigakafi.

Ɗalibin yaƙi da jahilci, ka ɗauki littafinka. Rubuta ƙwan da kajinka suka yi wannan wata. Ka ba su haɗin wata biyu, ka sake ƙidaya. Ka kawo lissafin aji, ku duba tare.