Ko Kun Sani? Daga Ina Sunan Zanko Ya Fito?

Tsinin nan da magina ke ɗorawa a kusurwoyin rawanin soro, shi ake kira zanko, jam'insa zankwaye. A asali, kalmar ba ta gini ba ce. Zanko shi ne tukkun kan tsuntsu, da kuma gashin da wanzami kan bar wa yaro a tsakar ka. Kamannin ne ya sa magina suka ari sunan.

Kuma zankon gini ba ado kaɗai ba ne: a jikinsa ake ɗaura igiya idan za a hau yaɓe kafin damina. Abin takaici, ginin siminti na neman shafe shi. Idan kun je Gidan Makama a Kano ko tsohon Birnin Damagaram, ku ɗaga kai ku gani.