Yadda Ake Auna Tsarin Kare Lafiyar Ma'aikata: Misali Daga Riruwai da Bagauda

Idan aka tambayi shugaban wata ma'aikata yadda tsarinsa na kare lafiyar ma'aikata yake tafiya, yawanci sai ya jawo littafin da ake rubuta haɗurra a ciki, ya nuna cewa shekara ta zagayo ba a rubuta kome ba. Wannan hujja tana da rauni ƙwarai. Littafi yakan zauna fari fat don ba a yi haɗari ba, yakan kuma zauna haka don lebura yana tsoron a sallame shi in ya faɗa. Dokar Masana'antu ta 1987 ma ba ta wajabta kai rahoton rauni ba sai in an yi mutuwa, ko kuwa rauni ya hana mutum aiki fiye da kwana 3. Raunin da bai kai haka ba, ba ya isa ofishin sufeto.

A 1931 wani ma'aikacin inshora a Amurka, mai suna Heinrich, ya ƙiyasta cewa cikin haɗurra 330 iri ɗaya, 300 ba sa jikkata kowa, 29 sukan jawo ƙaramin rauni, ɗaya kaɗai ke yin mummunar ɓarna. Masana na baya sun yi jayayya da alƙaluman nasa, kuma suna da gaskiya. Amma abin da ya hango yana nan, watau babban haɗari yakan aiko da 'yan saƙo tun kafin ya iso. Saboda haka mai bincike na gaske yakan nemi jin sau nawa igiya ta kusa tsinkewa, da wanda aka gaya wa, da yawan kwanakin da suka shige kafin a canza ta.

Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, ta isa misali. An daɗe ana haƙar kuza a duwatsunta, har kamfani ya kai ga yin rami a ƙarƙashin ƙasa. Kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, aikin kamfani bai farfaɗo ba, ƙananan mahaƙa suka gāji wurin da diga da shebur. Ruftawar rami kowa yana ganinta, ana kuma iya ƙidaya ta. Ƙurar dutse kuwa ba haka take ba. Dutsen Riruwai yana da sinadarin silika, wanda ke taruwa a huhu sannu a hankali, har ya ƙanƙance numfashi bayan shekara 10 ko 20, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. A lokacin mutumin ya koma ƙauyensu a Kiru ko Tudun Wada, ana cewa ciwon ƙirji ne kawai. Ba littafin haɗurran da zai ɗauki sunansa. Ma'aunin da ya dace a nan shi ne: ana jiƙa dutse da ruwa kafin a fasa? Ana gwada huhun ma'aikata, kuma wa ke ajiye sakamakon? Abin da ya auku a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400, ya nuna ƙura takan bi mahaƙi har cikin gidansa.

Madatsun ruwa na ƙasar Bebeji suna da nasu darasin. Madatsar Bagauda ta yi shekaru tana tsaye, sai ta ɓalle a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa. Shekarun da ta yi lafiya ba su zama shaida ba. A madatsa irin ta Tiga, wadda aka gama a 1974, abin dubawa shi ne ko ana auna ruwan da ke tsattsafowa ta jikin bango, ko ƙofofin sakin ruwa suna buɗuwa in an gwada su, ko kuma mai gadin dare ya san wanda zai kira.

Game da diyya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF. Sai dai a aikace wannan ta fi shafar wanda sunansa ke cikin takardar albashi ne. Mahaƙin da ake biya da yamma gwargwadon buhunan da ya fito da su, yawanci ba ya cikin lissafin.