Kwikwiyo Mai Tauna: Famfara Ce, Ba Mugunta Ba

Daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, masu garka da makiyaya da mafarauta ba sa rasa kare. Wani yana tsaron awaki da dare, wani yana gadin albasa a fadamun Galmi. Amma kafin kare ya kai ga wannan aiki, akwai watannin da yake jarraba haƙurin maigida: yau ya cinye maɗaurin takalmi, gobe ya huda tiyon ban ruwa, jibi ya tsinke wayar cajin salula. Mafi yawan mutane sanda suke ɗauka. To, sanda ba ta maganin ƙaiƙayin dasashi.

Kwikwiyo yana fara fitar da haƙora tun yana da mako 3, har su cika 28. Daga wata 3 zuwa 4 sai ya shiga famfara, ƙananan su zube, manya 42 su maye gurbinsu kafin ya cika wata 7. A wannan tsakani dasashinsa na yi masa zafi da ƙaiƙayi, taunar kuwa ita ke sanyaya masa. Ga kuma kaɗaici: wanda aka ɗaure yini guda a gindin bishiya, babu wasa babu yawo, dole ya huce a kan abin da bakinsa ya kai.

Mataki na farko shi ne kawar da kaya. A rataye takalma, buta, tabarmar sallah da sange inda ba zai kai ba. Sannan a ba shi nasa abin tauna: igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa, ana lura kada ya haɗiye zare. Kada a ba shi tsohon takalmi, domin ba ya bambanta tsoho da sabo. In an kama shi yana ɓarna, a ce "bari!" da murya ɗaya, a karɓe, a miƙa masa nasa, a yaba masa in ya kama. Dukan da ya zo bayan an gama ɓarna tsoro kawai yake koya masa, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo. A fita da shi gona safe da yamma. Wanda ya gaji barci yake yi.

Wata taunar kuwa ajali ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ɗanye ko dafaffe, saboda haka kada a bar shi kusa da rudun albasa. Goro, maganin ɓera, kwalbar maganin feshi da batir duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji.

Sai a kula da yara. Kada a bari ya saba da tauna musu hannu da sunan wasa. Da ya cika wata 3, a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. In haƙorinsa ya fasa fata, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haƙurin 'yan watanni shi ke samar da karen da zai yi shekaru yana tsaron gida da garke.