ARO DA SATA A FAGEN WAƘA

Ƙasar Damargu tun zamanin fatake mahaɗar hanyoyi ce tsakanin Kano, Damagaram da Agadas. Hausawa, Dagirawa, Abzinawa da Fulani suna cin kasuwa ɗaya, kowa kuma yana jin kiɗan ɗan uwansa. A yau, daga Falanko zuwa Tanut da Balbeji, waƙa tana tashi daga wannan waya zuwa waccan, sau da yawa ba tare da sunan mai ita ba. Shi ya sa muka zaɓo aikin makaɗa uku na ƙasarmu, waɗanda faifansu ya fi kwanta mana a rai, domin mu duba yadda kowannensu ya yi aro, da yadda ya riƙe amanar abin da ya ara.

Na farko shi ne marigayi Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker cikin jihar Damagaram. Malamin lakkwal ne, ya kuma yi suna da kiɗan gurumi. A shekarar 2002, da taimakon hukumar UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram. Biram abin kiɗa ne mai tsirkiya 5 na Buduma masunta, an sassaƙa shi kamar jirgin ruwa. Malam Barka ya zauna ya koya kamar almajiri. Faifansa na biram ya fito a Ingila a 2009, tare da makaɗin ganga Umaru Adamu. Har Allah ya karɓi ransa a 2018, duk inda ya kai biram a duniya yana ambaton malaminsa da mutanen da suka gaji kiɗan.

Na biyu ƙungiyar Tal National ce ta birnin Yamai, wadda Almeida ya kafa. Faifanta mai suna Kaani ya fito a 2013, Zoy Zoy a 2015, sannan Tantabara a 2018. Makaɗan sun fito daga ƙabilu daban-daban, suna ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na Hausa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa, su ɗora su bisa jita da gangunan zamani. Ba su taɓa ɓoye cewa daga rijiyar kakanni suke ɗiba ba. Mai saurare yakan gane kiɗan garinsu ko da ya sake tufafi, kuma a nan daɗin yake.

Na uku shi ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, cikin yaren Abzinawa, amma da na'urar gyaran murya irin ta mawaƙan finafinan Hausa. Su kuwa waɗannan mawaƙa sun ɗauko da yawa daga finafinan Indiya. Ga aro bisa aro ke nan. Waƙoƙin sun bazu ta wayoyin hannu har ƙasar Mali, masu saurare da dama ba su san ko wane ne mawaƙin ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya yi cigiyarsa ya same shi, sannan sunansa ya koma bisa aikinsa. Daga nan hanya ta buɗe masa har zuwa Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Aro ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a ƙungiyar yayansa Kurna kafin ya zama shugaban tasa. Kowane makaɗi a gindin wani ya tashi, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Abin ƙi shi ne mutum ya ɗauki karin wani da baitocinsa, ya share sunansa, ya ci kuɗi shi kaɗai. Wanda wannan ya fi cuta shi ne mawaƙin ƙauye, mai kiɗan noma ko na biki, wanda ba ya da takarda, ba ya kuma da mai tsaya masa a birni.

Hukuma ta tanadi magani. Tun 1993 doka take kare haƙƙin mawallafa, har da kayan al'adun gargajiya, kuma akwai ofishin BNDA a Yamai mai rajistar waƙoƙi da karɓar wa masu su haƙƙinsu. Amma ofishi ba ya kare waƙar da ba a san mai ita ba.

Saboda haka muna kira ga waɗanda suka iya karatu da rubutu a Falanko da kewaye: ku rubuta sunan mawaƙan garinku, da waƙoƙinsu, da wurin wanda suka koya. Masu gidajen rediyo su riƙa faɗin sunan mawaƙi kafin su saka waƙarsa. Ma'aikatan al'adu na Tanut da Balbeji su nuna wa makaɗa hanyar rajista. Samari masu tasowa kuma su yi koyi da Malam Barka: a ara, a ƙara nasa, a faɗi inda aka samo. Yaba kyauta tukuici.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa na baya basira.