Mu Ɗora Gadar Jirgi a Kan Teburin Aji

Duk yaron da ya tashi a Madobi ko Kura ko Bunkure ya san motar kara. A fere ɓawon kara, a soka shi cikin totuwa, a yanko tsohon silifa a yi taya, shi ke nan an sami tirela. Sai dai da an shiga sakandare sai a jefar da abin, wai wasan yara ne. Mu kam muna ganin an yi gaggawa.

A birnin Hambug na ƙasar Jamus akwai wani gidan kallo, Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001. A ciki akwai ƙananan jiragen ƙasa suna yawo a kan ƙananan gadoji, tsakanin garuruwan da aka kwaikwaya. Manya ne ke ginawa, kuma manya ke biyan kuɗi su kalla. Abin da ya raba aikinsu da motar karanmu guda ɗaya ne: awo. Suna rage komai sau 87, har mutum ya koma kamar santimita 2.

Mu ma muna da abin kwaikwaya a ƙofar gida. Layin dogon da ya ratsa ƙasar Madobi ya haye kogin Challawa kafin ya shiga birni, Turawan mulkin mallaka ne suka faro shi daga Baro a bakin kogin Neja a 1907, ya iso Kano a 1911. Bayan haka ne cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka yi dalar gyaɗa. Amma layi ba ya tafiya sai da gada. A Jebba, sai da aka yi shekaru ana ɗora taragu a jirgin ruwa ana haye Neja da su, kafin a gama gadar wurin a 1916. Ta Makurɗi a kan Binuwai sai 1932, tsawonta kusan mita 800.

Ku ɗauko biro. Mita 800 a raba da 87, ya ba da mita 9 da ɗoriya. Wato ko an rage gadar Makurɗi, da ƙyar ajinku zai ɗauke ta. Don haka ba sai kun gina gada duka ba. Tsakanin ginshiƙi biyu ko uku kawai ya ishe ku. Faɗin tsohon layinmu kuwa milimita 1,067 ne, wanda zai koma milimita 12 a kan tebur. Sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 faɗinsa 1,435, zai koma 16 da rabi. Ku jera su biyun da tsinken tsintsiya, nan take za ku gane dalilin da ya sa tsohon jirgi ba zai hau sabon layi ba.

Wurin da ya fi daɗi shi ne jikin gadar. Haɗa sillen kara huɗu su yi murabba'i, ka danna kusurwa ɗaya: zai karkace. Gitta na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya zama alwatika biyu, sai ya ƙi motsi. Wannan ne sirrin ƙarafan da ke gicciye a gadar Jebba da ta Makurɗi. Gina taka, ka ɗora ta tsakanin benci biyu, ka rataya gwangwani a tsakiya kana zuba yashi. Ka lura da inda ta fara ba da kai: karan sama na lanƙwasa saboda matsi, na ƙasa na zarewa saboda ja. Injiniya a jami'a da wannan yake farawa, sai dai shi da Turanci da alli.

Kada ku manta da abin da ke ƙarƙashin gada. A yi kogi da yashi na gaske, mai faɗi, ruwa ɗan siriri kamar na rani. A gefe a ja kanal irin na ruwan dam ɗin Tiga, da fadamun shinkafa da tumatir, da kwalbati. Duk wanda ya gani zai san nan gida ne, ba Jamus ba.

Akwai dalilin hanzari. Jirgi ya yi wuyar gani a tsohon layi, ɓarayin ƙarfe kuma ba sa barci. Tsofaffin da suka hau shi zuwa Zariya ko Legas suna ƙarewa. Ku tambaye su launin taragu, da inda ake tsayawa, da abin da ake talla a tasha, ku rubuta a kwali ku liƙa a gefen tebur.

Awo kuma daga ƙasa ake yinsa, tare da malami. A ƙirga ginshiƙai daga nesa, a ɗauki hoto da waya, a auna taku a bakin gaɓa. Kada kowa ya hau gadar jirgi, ko da an ce yau ba ya zuwa.