Ko Ka Sani? Matatar da Ke Tare Shafukan Batsa a Birtaniya

Ko ka san cewa a Birtaniya akwai matatar da ke tare shafin batsa ko na caca tun daga kamfanin intanet, kafin ya iso wayar yaro a gida?

A ranar 22 ga Yuli, 2013, Firayim Minista David Cameron ya sanar da cewa manyan kamfanonin intanet huɗu, BT da Sky da TalkTalk da Virgin Media, sun amince su tanadar wa gidaje wannan matata. Duk wanda aka haɗa wa intanet sai ya zaɓa: a kunna ko a kashe.

Ga yadda galibi take aiki. Da ka rubuta sunan shafi, wayarka za ta nemi lambar adireshinsa daga kwamfutar kamfanin. A nan matatar take, kamar maigadi riƙe da takardar sunaye da aka kasa gida-gida: batsa, caca, ƙwayoyi, makamai. In sunan yana ciki, sai a hana ka lambar, sanarwa ta fito cewa an toshe shafin. Duk wayar da ke kan layin gidan, hukuncin ya hau kanta.

Sai dai suna kawai take karantawa. Yawancin shafuka yanzu a kulle bayanansu ke tafiya, don haka mummunan bidiyo a dandalin sada zumunta, ko saƙon WhatsApp, wucewarsa yake yi. Takan kuma kama mara laifi: a Disamban 2013 binciken BBC ya gano an toshe shafukan da ke taimakon waɗanda aka yi wa fyaɗe, alhali wasu na batsa sun tsallake. Yaron da ya iya sa manhajar VPN, mai ɓoye wa kamfanin shafin da ake shiga, kuwa, ya zagaye ta.

A 2014 hukumar kula da harkokin sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta gano kusan kashi 13 cikin 100 na sababbin masu rajista ne kawai suka kunna ta. Daga baya aka kafa doka a 2023, wadda tun Yulin 2025 ta wajabta wa shafukan batsa tantance shekarun mai shiga.

Matatar tana da amfani, musamman ga ƙaramin yaron da zai iya faɗawa cikin ƙazanta ba da niyya ba. Amma ba ta san abin da ɗanka ya gani a wayar abokinsa ba. Wannan sai uwa ko uban da yaro ba ya tsoron gaya wa.