Karen Riƙo da Kewar da Yake Bari a Gida

A ƙasar Hausa an fi sanin kare da aiki biyu, farauta da gadi, mazauninsa kuwa ƙofar gida ko gindin rumbu. Saboda haka mai karatu zai iya yin mamaki idan ya ji cewa a Ingila da Amurka akwai iyalan da kan tafi takanas su ɗauko karen da wani ya yasar, su zauna da shi shekara da shekaru, ranar da ya mutu kuwa gida ya yi tsit sai ka ce an yi rashin ɗan'uwa. Wannan al'adar mutanen can ce, amma a cikinta akwai tambayar da ta shafi kimiyya: ta yaya dabbar da ta girma a hannun wani, ta sha wuya, za ta sake yin sabo da baƙin mutane har su riƙa kewarta bayan ta mutu?

Irin waɗannan karnuka daga gidaje na musamman ake ɗauko su, inda ake tara waɗanda suka ɓace ko aka yasar. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa shi ne wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe a unguwar Holloway ta birnin Landan a shekarar 1860. Jaridun lokacin sun yi mata ba'a, suna ganin ɓarna ce a ciyar da kare alhali ga talakawa na kwana da yunwa. Duk da haka gidan ya tsaya da ƙafafunsa, ya koma unguwar Battersea a 1871, kuma har yau yana nan. Karen da iyali suka ɗauka daga irin wannan gida muna iya kiransa karen riƙo, tun da yake kamar ɗan riƙo ne: ba a gidan aka haife shi ba, amma can ya sami ci da sha da makwanci.

Kwanakin farko a gidan tara karnuka kwanakin firgici ne. Ga haushin karnukan da bai sani ba dare da rana, ga baƙon wari, ga shi wanda ya saba da shi ya ɓace. Jikin dabba, kamar na mutum, yakan saki wani sinadari mai suna kotisol a cikin jini idan tana cikin damuwa. A 1997 Michael Hennessy da abokan aikinsa suka auna jinin karnuka a wani irin wannan gida a Amurka, suka tarar kotisol ya fi yawa a kwana ukun farko, sa'an nan ya riƙa sauka a hankali. Wannan ne ya sa sabon karen riƙo kan ƙi abinci, ko ya lafe ƙarƙashin kujera, har mutanen gida su ɗauka halinsa ke nan, alhali kuwa tsoro ne bai sake shi ba tukuna.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne saurin da kare ke yi wajen kama sabon mutum. A 2001 Márta Gácsi da wasu masana halayyar dabbobi na Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest, a ƙasar Hangari, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka raba manyan karnukan da ke zaune a gidajen tara karnuka kashi biyu. Kashi ɗaya wani baƙo ya riƙa zuwa yana shafa su, yana wasa da su, minti 10 kacal a rana har kwana uku. Ɗaya kashin ba a yi musu haka ba. Daga nan aka shigar da kowane kare wani ɗakin da bai sani ba, ana sauya masu shiga da fita, ana lura da abin da yake yi. Asalin wannan dabara daga masu nazarin jarirai aka aro ta, domin da ita Mary Ainsworth ta auna shaƙuwar yaro da mahaifiyarsa. Karnukan da aka yi wasa da su sai suka fi neman kusantar mutumin nan idan ya shigo, suka fifita shi bisa wani baƙon. Wato rabin sa'a gaba ɗaya ta isa a fara ƙulla zumunci.

Sai dai akwai sharaɗi. John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka yi shekaru suna kiwon karnuka don bincike a jihar Maine ta Amurka, sun nuna a littafinsu na 1965 cewa ɗan kwikwiyo yana koyon yarda da mutum ne tsakanin mako 3 da 12 na rayuwarsa. Wanda ya wuce mako 14 bai taɓa hulɗa da ɗan'adam ba, da wuya ya saki jiki daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin karnukan riƙo sun san hannun mutum tun suna ƙanana, don haka abin da suke yi a sabon gida sauya uban gida ne kawai. Waɗanda ba su sami wannan ba, ko aka azabtar da su ƙwarai, su ne kan wahalar da iyali, wani lokaci ma har a mayar da su inda aka ɗauko su.

To, shi kuma mutumin fa, me ke faruwa a jikinsa? A 2015 Miho Nagasawa da Takefumi Kikusui na Jami'ar Azabu a Japan suka bar karnuka da masu su a ɗaki na tsawon minti 30, suka auna fitsarinsu kafin a shiga da bayan an fito. Inda kare ya daɗe yana kallon idon mai shi, sinadarin oksitosin ya ƙaru a jikin su biyun. Wannan sinadari shi ne ke taimakawa wajen saukar nono ga mai shayarwa, yana kuma da hannu a shaƙuwar uwa da jariri. Kyarketan da aka rena a hannu, waɗanda kakanninsu ɗaya da kare, ba su yi irin wannan kallo ba. Dabbobin da aka gwada ba su da yawa, kuma bai kamata ɗalibi ya ɗauka sinadari guda ya isa ya bayyana ƙauna ba. Amma gwajin ya nuna cewa kare yana bin hanyar da jiki ya tanada don ɗa da mahaifi.

Abin kuwa ya daɗe. A 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, suka tono kabarin namiji da mace da aka binne tare da ɗan kare kimanin shekaru 14,000 da suka wuce. Da aka sake duba haƙoransa a 2018, sai aka ga alamar ya yi fama da mummunar cutar karnuka ta distamfa na tsawon makonni kafin ya mutu yana ɗan wata bakwai. Kwikwiyo mai irin wannan ciwo ba ya farauta, ba ya gadi, kuma da wuya ya kai haka ba tare da wani yana ba shi ruwa yana share shi ba.

Rabuwa kuwa ba ta da nisa. Wani lissafi da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2022 ya nuna cewa kare a Birtaniya yakan yi kimanin shekara 11 a duniya. Wanda aka ɗauko yana da shekara biyar ko shida, rabin kwanansa ya riga ya tafi, kuma iyalin sun san haka tun ranar da suka sa masa igiya. Bayan ya mutu, abin da kan fi damunsu shi ne ƙananan al'amuran yau da kullum: lokacin fita yawo da safe ya yi babu mai jira a bakin ƙofa, a dawo daga aiki babu mai tarye.

Yadda suke tunawa da su ma ya zama abin nazari. A 1881 aka binne wani kare mai suna Cherry a lambun mai gadin ƙofar dandalin Hyde Park a Landan, kafin 1903 kaburburan dabbobi a wurin sun kai wajen 300. Eric Tourigny, masanin kayan tarihi na Jami'ar Newcastle, ya karanta rubutun da ke kan duwatsun kaburbura fiye da 1,000 a irin waɗannan maƙabartu, ya buga sakamakon a 2020. A zamanin Sarauniya Biktoriya, aboki ko abokin zama ake kiran kare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masu shi suka fara kiran kansu uwa da uba a kan dutsen, wasu ma har suka riƙa rubuta wa karen sunan zuriyar gidan a bayan nasa.